Tambaya da Amsa: Karen Kurma a Tasi, a Gidan Abinci da Gaban Doka

Wasiƙu uku da suka iso mana sun haɗu a kan batu ɗaya, wato karnukan da ake horarwa domin su taimaka wa kurame, da kuma haƙƙin da doka ta ba masu su na shiga da su wuraren da jama'a ke shiga. Biyu daga ƙasashen waje suka zo, ɗaya daga gida, don haka muka haɗa su a wannan fitowar.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a birnin Manchester na Ingila. Kwanakin baya wata mata ta tsayar da ni, tana riƙe da kare mai sanye da 'yar riga ja mai duhu, sai na nuna mata cewa ba na ɗaukar kare. Ba ta ce mini komai ba, ta ɗauki lambar motata ta yi gaba. Daga baya wani abokin aikina ya gaya mini cewa kurma ce, kuma wai na taka doka. Na san makafi a nan suna yawo da kare, amma wannan matar idonta garau. Me kare zai yi wa mai gani? Sannan ni ina nawa haƙƙin, tunda da tufafin da nake aiki nake salla? Daga wani mai karatu a Manchester.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka, kuma gara ka ji ta yanzu kafin takardar ƙaramar hukuma ta iso. Amma bari mu fara da tambayarka ta farko, domin wanda ya fahimci aikin karen ba zai sha wahalar fahimtar dokar ba.

Mai ji ba ya lura da yawan al'amuran da kunne yake tafiyar masa. Kunne ne yake tashinsa da asuba, shi yake gaya masa an ƙwanƙwasa ƙofa, ko jariri ya farka a ɗaki, ko ƙararrawar gobara ta ɗauka, kuma yana wannan aikin ko mutum yana barci, ko ya ba abin baya. Ido ba ya iya haka, domin abin da ke gabansa kawai yake gani, kuma da an rufe shi ya tashi daga aiki. Ko kurman da yake amfani da na'urar ƙara ji, yawanci cire ta yake yi idan zai kwanta ko zai yi wanka, saboda haka a lokacin da ya fi buƙatar gargaɗi ne yake rasa shi. Wannan giɓin ne karen yake cikewa.

Yadda yake yin aikin abin sha'awa ne. Idan aka danna ƙararrawar ƙofa, karen zai taso ya je wurin mai shi ya zungure shi da hanci, ko ya ɗora masa ƙafa a gwiwa. Mai shi zai buɗe hannuwa alamar tambaya, sai karen ya juya ya shige gaba, ya kai shi har inda ƙarar ta fito, ko ƙofa ce, ko agogon da aka saita a kicin, ko gadon jariri. Amma idan ƙararrawar gobara ce, ba a so ya ja mutum zuwa wurin haɗari, don haka aka koya masa wata alama dabam: zai taɓa mai shi, sannan ya kwanta a ƙasa. Da ganin wannan kwanciyar kurman ya san cewa ba baƙo ba ne a ƙofa, lokacin ficewa daga gini ne. A titi kuma, mai karen yakan karanta kunnuwansa da juyawar kansa, ya gane cewa wani abu yana tahowa ta baya tun kafin ya gan shi.

'Yar rigar da ka gani alama ce ta wata ƙungiyar agaji ta Birtaniya mai suna Hearing Dogs for Deaf People, wadda aka kafa a 1982, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai likitan dabbobi Bruce Fogle da Lady Beatrice Wright. Horon kare ɗaya yakan kai kusan shekara biyu: yana farawa a gidan wani ɗan sa-kai tun karen yana ɗan kwikwiyo, inda ake saba masa da hayaniyar kasuwa da motar haya da cunkoson jama'a, sannan a koya masa sautuka ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ba shi lada duk lokacin da ya yi daidai. Da yawa daga cikin karnukan ba manya ba ne sosai, wasu ma ƙanana ne masu dogayen kunnuwa, kuma wannan yana cikin abin da yake jawo wa kurame matsala. Makaho da babban karensa kowa ya gane su daga nesa, amma kurumta ba a ganin ta a fuska, sai a ɗauka mutum ya fito yawo ne da karen wasansa. Kai ma abin da ya rufe ka ke nan.

To, ga dokar. A Ingila da Wales da Scotland, Dokar Daidaito ta 2010 ce take aiki, kuma ta ambaci direbobin tasi da na motocin haya da ake kira ta waya ko ta manhaja a fili. Ta wajabta wa direba ya ɗauki nakasasshe tare da karen taimakonsa, ya bar karen ya zauna kusa da mai shi, kuma kada ya ƙara masa ko kwabo a kan kuɗin mota. Ta kuma fayyace cewa karen da aka horar domin taimakon kurma yana cikin waɗanda take nufi, daidai da na makaho. Ƙin ɗauka laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, tararsa tana iya kai fam 1,000, kuma abin da ya fi tarar ciwo shi ne ƙaramar hukumar da ta ba ka lasin tana da ikon dakatar da shi ko ƙwace shi gaba ɗaya. Uzuri ɗaya dokar ta amince da shi, na rashin lafiya, kamar direban da gashin kare yake tayar masa da asma. Shi ma ba da baki ake faɗa ba: sai an nemi takardar sahalewa daga hukumar da ke ba da lasin, da shaidar likita, an kuma liƙa alamarta a motar tun kafin fasinja ya zo. Addini ba ya cikin uzurin.

Wannan ya kawo mu ga damuwarka ta gaskiya, kuma ba damuwar da za a raina ba ce. Shafin nan ba na fatawa ba ne, amma akwai abin da ɗaliban fiƙihu a ƙasar Hausa suka sani tun a zaure. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da kare, kuma yawunsa da guminsa ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni na ibada, ba don ƙazanta ba. Shafi'iyya da Hambaliyya ne suke ɗaukar kare najasa, Hanafiyya kuma suka taƙaita najasar ga yawunsa. Da yake abokan aikinka da yawa a can 'yan Pakistan ne ko Bangladesh ko Somaliya, mai yiwuwa ra'ayin mazhabobinsu ne ka fi ji a tasha. Ko a wajensu ma, hukuncin wanda najasa ta taɓa shi ne ya wanke wurin, ba wai ya bar mabuƙaci a bakin titi ba.

Game da ajiye kare kuwa, hadisi ya yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi, amma ya togace karen farauta da na kiwo da na gona, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren mafarauci ya kamo. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin sauran buƙatu na gaskiya a kan waɗannan. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. A Birtaniya kanta, a 2008 wata majalisar malaman shari'a ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho damar zuwa masallaci da karensa a birnin Leicester, aka tanadar wa karen wurin jira a wajen ɗakin salla. Idan masallaci ya samo mafita, ban ga abin da zai hana tasi samowa ba.

Mafitar kuwa mai sauƙi ce. Waɗannan karnukan an koya musu kwanciya a ƙasan mota kusa da ƙafar mai su, ba sa hawa kujera, ba sa lasar mutane. Ka ajiye wani tsohon bargo ko shimfiɗar roba a but domin irin wannan ranar, idan kuma zuciyarka ba ta natsu ba, ka riƙa ajiye rigar salla dabam. Dangane da abin da ya riga ya faru, idan ƙaramar hukuma ta kira ka, kada ka yi watsi da takardar, kada kuma ka ƙirƙiro ciwon da ba ka da shi, domin za a nemi shaida. Ka nemi shawarar lauya ko ƙungiyar direbobinku kafin ka je, ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

TAMBAYA TA BIYU

Ina da ɗan gidan abinci a unguwar Bronx ta birnin New York, muna sayar da tuwo da waina da shinkafa da wake. Mutane suna shigo mini da karnuka su ce na aiki ne, wasu ko riga ba su da ita, kwastomomina kuma suna ƙorafi. Zan iya neman takardar shaida? Idan babu, zan iya korar su? Daga wata Hajiya a New York.

AMSA

Hajiya, amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, kuma a nan ne masu shaguna da yawa suke afkawa cikin rigima. Dokar Amurkawa Masu Nakasa, wadda aka fi sani da ADA, an sa mata hannu a 1990, sannan Ma'aikatar Shari'a ta sabunta ƙa'idojinta, suka fara aiki a watan Maris na 2011. Bisa waɗannan ƙa'idojin, dabbar aiki ita ce karen da aka horar musamman domin ya yi wa nakasasshe wani takamaiman aiki, kuma sanar da kurma sauti yana cikin misalan da aka ambata. Gwamnatin tarayya ba ta da rajistar irin waɗannan karnukan, ba ta wajabta riga ko kati ba, kuma ba ta hana mutum ya horar da karensa da kansa ba. Takardun da ake sayarwa a intanet da sunan shaida ba su da wani matsayi a doka, saboda haka wanda ya nuna miki su bai tabbatar da komai ba, wanda ba shi da su kuma bai rasa komai ba.

Tambaya biyu kacal doka ta yarda ki yi, su ma sai idan aikin karen bai fito fili ba: shin ana buƙatar wannan karen ne saboda nakasa, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi? Ba za ki tambayi mutum irin nakasarsa ba, ba za ki nemi takardar likita ba, ba za ki ce karen ya gwada aikin a gabanki ba. Idan kurma ne, ki tuna cewa ɗaga murya ba zai amfana ba. Ki tsaya inda zai ga fuskarki, ko ki rubuta tambayar a takarda ko a waya ki miƙa masa. Zai yi kyau ki rubuta tambayoyin biyu a ɗan kati ki ajiye kusa da akwatin kuɗi, domin yaran da suke taya ki aiki su ma su san iyakarsu, tunda kuskurensu a kanki zai faɗa.

Amma dokar ba ta ɗaure miki hannu gaba ɗaya ba, kuma wannan ɓangaren ne mutane ba su cika sani ba. Dole karen ya kasance ƙarƙashin ikon mai shi, yawanci da igiya. Idan yana haushi ba ƙaƙƙautawa, ko yana kai wa mutane cafka, ko yana zagaya tebura yana shinshina kwanuka, mai shi kuma ya kasa tsawata masa, kina da ikon cewa a fitar da shi. Haka ma idan ya yi fitsari ko kashi a ciki. Sharaɗin shi ne ki bar mutumin ya ci abincinsa ba tare da karen ba idan yana so. Ba dole ba ne ki ba karen abinci, ba dole ba ne ki bar shi ya hau kujera ko ya ci daga tebur, kuma ba shi da hurumin shiga inda ake girki. Idan ya yi ɓarna, kina iya cajin mai shi kamar yadda za ki caji kowa. Karen da aikinsa kawai ɗebe kewa ne, ba a horar da shi ga wani aiki ba, ba ya cikin wannan kariyar ta ADA.

A ganina halin kare ya fi kowace takarda nuna gaskiya. Horarren kare yakan shige ƙarƙashin tebur ya kwanta, har a gama cin abinci wasu ba su san yana nan ba. Na bogi kuwa ba ya minti biyar bai tona kansa ba, kuma a lokacin doka tana tare da ke. Masu wannan ƙaryar kurame da makafi suke cuta, domin su ne suke sa a riƙa kallon kowa da zargi, shi ya sa jihohi da dama suka mai da ita laifi. A California, alal misali, hukuncinta yana iya kai ɗaurin wata shida ko tarar dala 1,000.

Ƙorafin kwastomomi kuma, doka ta faɗa ƙarara cewa tsoron kare ko rashin jituwar jiki da gashinsa ba hujjar hana shiga ba ne. Abin da za ki yi shi ne ki raba musu wuri, ba tare da kin tura mai karen wani lungu kamar wanda ake ɓoyewa ba, kuma ba tare da ƙarin kuɗi ba. Idan wani dattijo ya yi tsaki, ki tuna masa cewa a gida ba a taɓa ce wa makaho ya shigo zaure ya bar ɗan jagoransa a waje ba. Wuraren ibada dai dokar ta togace su, don haka masallacin unguwarku yana da ikon tsara nasa, amma gidan abinci wurin kasuwanci ne ko da duk masu cinsa Musulmi ne. Jirgin sama ma dokarsa dabam ce: tun daga Janairun 2021 kamfanoni suna iya neman a cike takardar Ma'aikatar Sufuri kafin tafiya, wanda ke ba ki da ikon nema.

TAMBAYA TA UKU

Ɗana mai shekara goma sha huɗu kurma ne tun yana ƙarami, sanƙarau ne ya taɓa shi. Sau biyu a-daidaita-sahu yana kusan buge shi saboda ba ya jin hon. Na ga bidiyon irin waɗannan karnukan, shin zai yiwu a nan Kano, kuma doka za ta bar shi ya shiga makaranta ko asibiti da shi? Daga wani uba a Kano.

AMSA

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya kuma saka maka da alheri, Alhaji. Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. Wannan ginshiƙi ne da za a iya dogara da shi, amma kai ma ka san cewa maigadin da ke bakin ƙofar asibiti ba da kundin doka yake aiki ba, kuma yaron da ya shigo layi da kare sai ya yi fama da jifan yara da haushin karnukan unguwa. Ga kuma ciwon haukan kare da yake nan a ƙasarmu, wanda ya sa rigakafi ya zama dole ga duk karen da zai zauna cikin mutane.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya nunawa. Karen kurma ba karen jagora ba ne, ba a horar da shi don ya tsallakar da mutum titi ba. Ƙarfin aikinsa a cikin gida yake, kuma ya fi amfani ga wanda yake kwana shi kaɗai, abin da ya yi yawa a Turai amma bai cika faruwa da yaro a gidan Bahaushe ba, inda ƙanne da 'yan uwa suke cike da tsakar gida. Don haka ba zan ba ka shawarar ka sa ƙarfinka a neman kare ba. Haɗarin titi horo yake buƙata: ya riƙa tafiya ta gefen da yake fuskantar ababen hawa masu tahowa, ya waiga kafin ya sauya hanya ko da taku ɗaya ne, ya guji duba waya yana tafiya, kuma masu babur da a-daidaita-sahu na layinku su san shi su san lalurarsa. Don tashi daga barci akwai agogon hannu mai girgiza, wayar hannu ma tana yi, kuma mai gyaran lantarki zai iya haɗa ƙararrawar ƙofa da ƙwan fitila a ɗakinsa.

Ka kai shi asibiti sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna abin da ya rage masa na ji, domin wasu da aka yanke wa hukuncin kurumta gaba ɗaya suna da saura da na'ura za ta iya ƙarfafawa. Idan bai shiga makarantar kurame ba, akwai ta Tudun Maliki a nan Kano. Ku kuma mutanen gida ku koyi maganar hannu tare da shi, har da mahaifiyarsa da ƙannensa, domin duk gargaɗin da za ku yi masa game da titi sai da ita zai isa gare shi.